Sex Pistols babu Johnny Rotten: su ne har yanzu, ko suna kawai ya rage?

Auwal:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu bin kiɗan pank a cikinmu. Na kalli bidiyon wasan da Sex Pistols, ƙungiyar nan ta Ingila masu kiɗan pank (wani salon rok mai tsawa da tawaye), suka yi a zauren Bush Hall da ke Landan a watan Agustan 2024. Steve Jones na kan jita, Paul Cook na kan ganguna, Glen Matlock na kan bes (jita mai kaurin sauti), wato uku daga cikin huɗun da suka fara. Amma mai riƙe da makirufo wani ne daban, Frank Carter, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da ƙungiyar ta watse a 1978. John Lydon kuwa, wato Johnny Rotten, yana nan da ransa, ba a dai sa shi ba. Wasan ya yi min daɗi ƙwarai, amma raina bai kwanta ba. Shin waɗannan Sex Pistols ne? Kuma wai me ya raba su tun farko?

Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ba su ba ne, Auwal. Idan sarkin kiɗa ya tashi daga wuri, 'yan amshi ba sa ɗauko wani su zaunar a gurbinsa su ci gaba da amsa sunan tawagar. Lydon ne ya rubuta kalmomin, muryarsa ce ta sa Ingila ta kasa barci a 1977. Shi da kansa ya ce abin da suke yi yanzu karaoke ne, wato rera waƙar wani a kan kiɗan da aka riga aka shirya, kuma ina tare da shi.

Nura Mai Jita:
Yaya Kabiru, ka yi haƙuri, misalin nan bai zauna ba. Jones da Cook ba 'yan amshi ba ne, su suka kafa ƙungiyar. Suna ta fama da kiɗa tare tun kafin su san akwai wani John Lydon a duniya. Shi aka kawo musu, ba su aka kai masa ba. Zan dawo da bayani in na tashi daga aiki.

Malam Isiyaku:
Bari in ɗan sa baki, don ina karatu a Ingila lokacin da abin yake kan ganiyarsa, kuma na ga yadda ƙasar ta ɗauke shi.

Sai ka san halin da Birtaniya take ciki sannan za ka gane yadda yara huɗu suka tayar da ƙura haka. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi sun wuce miliyan ɗaya, a 1976 kuma har gwamnati ta je neman rance wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Yaro ya gama makaranta yana ɗan shekara 16, babu abin da ke jiransa sai layin karɓar tallafi. Manyan mawaƙan rok na lokacin kuma sun yi nisa da talaka, suna ta waƙoƙi masu tsawon minti goma sha a manyan filaye.

A titin King's Road akwai wani shagon tufafi na Malcolm McLaren da Vivienne Westwood. Nan Jones da Cook suke zuwa zaman kashe lokaci, Matlock kuma yana yi musu tsaron shago ranar Asabar. Jones yaro ne da ya tashi cikin wahala, ko karatun kirki bai iya ba sai da ya girma, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa yawancin kayan kiɗansu na farko sato su ya yi, har da na David Bowie. McLaren ya zama manajansu. A 1975 aka hango Lydon sanye da rigar Pink Floyd da ya rubuta a kanta cewa ya tsane su, aka kira shi gwaji a cikin shagon. Bai iya waƙa ba, amma yana da wani irin kallo da ke sa mutum ya sha jinin jikinsa. Wannan kallon da ɗan rankwafawar bayansa asalinsu sanƙarau ne da ya kama shi yana ɗan shekara bakwai, har ya manta iyayensa na wani lokaci. Iyayen nan 'yan ci-rani ne daga Ireland, talakawa, a unguwar Finsbury Park.

Wasansu na farko ranar 6 ga Nuwamba 1975 suka yi shi, a makarantar zane ta Saint Martin's. A Oktoban 1976 kamfanin EMI ya ɗauke su a kan fam dubu 40. Sai ga ranar 1 ga Disamba 1976. An gayyaci ƙungiyar Queen wani shirin talabijin na yamma, ba su samu zuwa ba, aka tura Sex Pistols a madadinsu. Mai gabatarwa, Bill Grundy, ya riƙa tsokanarsu yana cewa su faɗi wani abu mai muni, Jones kuwa ya zazzaga masa ashar kai tsaye, a lokacin da iyalai ke cin abincin dare. Washegari babu jaridar da ba ta ɗauka ba. Aka dakatar da Grundy, aka soke yawancin wasannin rangadinsu, EMI ta sallame su a Janairun 1977. Kamfanin A&M ya ɗauke su a Maris, har da sa hannu a gaban Fadar Buckingham don 'yan jarida, bayan kwana shida shi ma ya sallame su, ya biya su fam dubu 75, ya lalata mafi yawan faifai dubu 25 da ya riga ya buga. Daga nan Virgin ta Richard Branson ta karɓe su.

Abin da na gani da idona shi ne na watan Yunin 1977, bikin cikar Sarauniya shekara 25 a kan karaga. An toshe titin unguwarmu, an jera tebura a tsakiya, tutoci daga wannan gida zuwa wancan, tsofaffin mata na raba shayi da kek. A cikin wannan makon ne waƙarsu God Save the Queen take ta sayuwa, tana ce wa matasa ba su da makoma a ƙasar. BBC ta hana sa ta. A wasu shaguna, idan ka duba jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, za ka ga lamba ta ɗaya Rod Stewart, lamba ta uku wani, lamba ta biyu kuwa fili ne kawai, an ƙi rubuta sunan. Har yau akwai masu cewa ita ce ta ɗaya aka danne. Ranar 7 ga Yuni suka hau jirgin ruwa suna kiɗa a kogin Thames har gaban Majalisa, 'yan sanda suka kama McLaren da wasu. A cikin watan nan kuma aka tare Lydon aka yanke shi a hannu, aka yi wa Cook dukan tsiya a wani wurin daban.

Issufu Maraɗi:
Malam, Allah ya ƙara lafiya. Amma ni fa ban ga abin burgewa ba a yaran da suka zagi babba a talabijin, suka ci mutuncin sarauniyarsu. A wurinmu wannan rashin tarbiyya ne, ba wani suna gare shi ba.

Malam Isiyaku:
Issufu, ban ce maka ashar abu ne mai kyau ba, kuma a lokacin ni ma ya ba ni kunya. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Ranar Kirsimeti ta 1977, lokacin da kusan duk garuruwa suka rufe musu ƙofa, sun je Huddersfield sun yi wasa kyauta da rana don 'ya'yan 'yan kwana-kwana da ke yajin aiki, iyayensu sun yi makonni babu albashi. Lydon da kansa yake yanka kek yana miƙa wa yara, yaran suka ƙare da shafa masa shi a fuska da gashi, yana ta dariya. Akwai bidiyon, ka nema ka gani. Wasan daren ranar shi ne na ƙarshe da suka yi a Ingila kafin su watse. Mutanen da jaridu suka mayar dodanni ke nan.

Nura Mai Jita:
Na dawo. Malam ya share fage, bari in shiga ɓangaren kiɗa, don a nan ne ake yawan zaluntar mutum uku.

McLaren ya shafe shekaru yana yaɗa cewa yaran ba su iya kiɗa ba, shi ne ya ƙirƙiro su don ya damfari kamfanoni, har fim aka yi a 1980 a kan wannan labarin nasa. Duk mai riƙe jita ya san ba haka ba ne. Ka saurari kundinsu guda ɗaya tal, wanda ya fito ranar 28 ga Oktoba 1977 ya hau lamba ta ɗaya. Jones ya jera jita a kan jita, sau da yawa, kuma kowace tana faɗawa daidai kan 'yar uwarta, babu zamiya. Ka gwada yin haka a situdiyo ka ga. Hannunsa na dama ƙasa kawai yake saukowa, da nauyi, ba ya gaggawa. Mutane suna zaton pank gudu ne, amma waƙoƙin Sex Pistols ba su da sauri sosai, Cook ne yake riƙe su kamar ana tafiyar ƙasaita, shi ya sa suke da nauyi a ƙirji.

Matlock kuma shi ne mai kunnen karin waƙa. Sunansa yana kan waƙoƙi goma daga cikin sha biyun kundin. A Fabrairun 1977 ya bar ƙungiyar. McLaren ya aika wa jaridar NME saƙo wai an kore shi ne saboda yana son Beatles, shi kuma Matlock ya ce da ƙafarsa ya tafi don ya gaji da rigima da Lydon. Aka kawo abokin Lydon, Sid Vicious, wanda bai iya bes ba. Lokacin ɗaukar kundin ma ciwon hanta ya kwantar da shi a asibiti, Jones ne ya kaɗa kusan duk bes ɗin da kake ji. Kuma tun daga ranar da Matlock ya fita, sababbin waƙoƙin da suka rubuta ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A ganina ranar nan ƙungiyar ta fara mutuwa, ba a Amurka ba.

Kabiru:
Nura, duk na yarda da ƙwarewar Jones. Amma cire kalmomin Lydon ka ga abin da zai rage: ƙungiyar rok mai kyau irin ɗaruruwan da ke mashayun Landan a lokacin. Mutum arba'in ɗin nan da suka je wasansu na Manchester ranar 4 ga Yuni 1976, waɗanda daga cikinsu aka samu ƙungiyar Joy Division da mawaƙi Morrissey, ba hannun daman Jones ne ya sa suka koma gida suka nemi jita ba. Sun ga wani yaro irinsu ne a tsaye yana hararsu, yana faɗin abin da ke ransa ba tare da neman izinin kowa ba.

Nura Mai Jita:
Peter Hook na Joy Division bes ya je ya saya washegari, Yaya, ba makirufo ba.

Kabiru:
Haka ne. Amma wa ya ba shi ƙarfin halin?

Anti Bilki:
Kuna ta jita da murya, kun tsallake yaron da ya mutu da yarinyar da ta mutu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk lokacin da na ga hoton Sid Vicious a jikin rigar wani matashi raina yana ɓaci.

Sunansa John Simon Ritchie. Mahaifiyarsa ma tana shan hiroyin, a cikin wannan ya tashi. An ɗora shi a dandamali yana ɗan shekara 19 saboda siffarsa ta dace da hoto, ba don ya iya komai ba, kuma duk manyan da ke kewaye da shi suna gani yana nitsewa. A Janairun 1978 McLaren ya kai su Amurka, da gangan ya kauce wa New York ya zaɓi garuruwan kudu: Atlanta, Memphis, San Antonio, Baton Rouge, Dallas, Tulsa, wuraren da ya san za a yi faɗa. Aka kuwa yi. Ana jifansu da gwangwanaye, Sid yana cikin ƙishirwar ƙwaya, yana yanka ƙirjinsa, a San Antonio har ya ɗaga bes ya kai wa wani ɗan kallo duka. Kyamara tana ɗauka, mutane suna tafi. Mara lafiya ne a gabansu, ba jarumi ba.

Ranar 12 ga Oktoba 1978 aka tsinci gawar budurwarsa Nancy Spungen a otal ɗin Chelsea da ke New York, da sukar wuƙa a ciki, tana da shekara 20. Aka kama shi, aka ba da belinsa, ranar 2 ga Fabrairu 1979 hiroyin ta kashe shi yana da shekara 21, ba a kai ga shari'a ba. Nancy ma 'yar mutane ce, tana da uwa, amma a labarin ƙungiyar an mayar da ita mayya. Lydon ya sha faɗin cewa yana nadamar kawo Sid cikin ƙungiyar, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake ganin mutuncinsa.

Auwal:
Anti, wallahi ban san yana da ƙarancin shekaru haka ba. Allah ya tsare mana ƙannenmu. To, ita watsewar, wa ya fara cewa ya bari?

Malam Isiyaku:
Ranar 14 ga Janairu 1978, a zauren Winterland na San Francisco, gaban mutum wajen dubu biyar. A lokacin Jones da Cook sun daina shiga mota ɗaya da Lydon da Sid, jirgi suke bi. A waƙar ƙarshe Lydon ya durƙusa a dandamali, muryarsa ta dushe, ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin kamar an cuce su, ya yar da makirufo ya fita. Bayan 'yan kwanaki ya sanar cewa an gama. McLaren yana son a wuce Brazil a yi waƙa da Ronnie Biggs, ɗan fashin jirgin ƙasan nan da ya gudu daga kurkukun Ingila. Jones da Cook suka je, Lydon ya ƙi, aka bar shi a Amurka aljihu wayam. Daga baya Branson ya tafi da shi Jamaika neman mawaƙan rege, don Lydon masanin rege ne na gaske, kafin shekarar ta ƙare kuma ya kafa sabuwar ƙungiyarsa, Public Image Ltd. Ka lissafa: daga wasan farko zuwa na ƙarshe shekara biyu da 'yan watanni ne kacal.

Hadiza:
Sannunku. Ni ɓangaren kotu nake so in taɓo, don ba za a gane sake haɗuwar da ƙungiyar ta yi a 1996 ba sai da shi, haka ma rabuwar yanzu.

Duk kuɗin da Malam ya lissafa, na EMI da na A&M da na Virgin, ba aljihun yaran suka shiga ba. Kamfanin McLaren, Glitterbest, shi ke riƙe da su, aka zuba kaso mai yawa a fim, su kuma ana ba su ɗan abin kashewa duk mako. Lydon ya kai ƙara, aka yi ta ja har Janairun 1986, sannan McLaren ya saki. Mawaƙan da magajiyar Sid, wato mahaifiyarsa, suka karɓi ikon kayansu da kuɗi wajen fam miliyan ɗaya. Ku lura, a farkon shari'ar Jones da Cook suna gefen McLaren ne, sai da suka ga takardun kuɗi suka sauya sheƙa. Wato Lydon ne ya ƙwato musu haƙƙinsu. Wannan nasa ne, ba mai ƙwace masa.

Amma a 1998 su duka suka sa hannu a wata yarjejeniya cewa a harkar ba da izinin amfani da waƙoƙinsu, abin da mafi rinjaye suka zaɓa shi za a bi. Da darakta Danny Boyle ya zo yin fim mai dogon zango a kan littafin tarihin rayuwar Jones, Lydon ya ce ba za a sa waƙoƙin ba. Jones da Cook suka kai shi Babbar Kotun Landan, Matlock da masu kula da gadon Sid suka mara musu baya, a Agustan 2021 alƙali ya ce yarjejeniyar tana nan daram. Lydon ya faɗi. A doka babu wata tababa: ya sa hannu.

Kabiru:
Hadiza, doka daban, amana daban. A daidai lokacin da suka maka shi a kotu, mutumin nan yana gida yana jinyar matarsa Nora, wadda cutar mantuwa ta kama. Shi yake yi mata komai, har ta rasu a Afrilun 2023. Sun fi shekara arba'in tare. Abokan ƙuruciyarka su zaɓi wannan lokacin su kai ka kotu saboda kuɗin Disney, kamfanin da ke bayan fim ɗin? Ya ce ko rubutun fim ɗin ba a nuna masa ba, alhali rayuwarsa ce ake nunawa.

Hadiza:
Ina tausaya masa ƙwarai a kan Nora, Yaya Kabiru. Amma labarin Jones ne fa, na yaron da mijin mahaifiyarsa ya ci zarafinsa, ya tashi yana sata, ya yi fama da ƙwaya ya rabu da ita. Shi ma yana da haƙƙin ya ba da labarinsa da kiɗan da hannunsa ya kaɗa. Lydon ya rubuta nasa littattafan, ya faɗi abin da ya ga dama a kan kowa, babu wanda ya hana shi.

Issufu Maraɗi:
To ni abin da ban gane ba, mutanen da suka ce suna yaƙi da tsarin masu kuɗi, yaya aka yi suka dawo a 1996 don kuɗi? A shekarar 1977 ɗin nan da kuke magana, a watan Fabrairu, sojoji suka ƙona gidan Fela a Legas, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. Wannan shi ne mawaƙin da ya biya farashi. Kuma ga shi bayan rasuwarsa a 1997 ɗansa Seun ya ci gaba da Egypt 80, ba wanda ya ce ba su ba ne.

Kabiru:
Fela rasuwa ya yi, Issufu, ɗansa ya gaje shi. Lydon yana raye yana cewa bai yarda ba. Ba ɗaya ba ne.

Nura Mai Jita:
A kan Fela babu musu, abin da ya gani ya fi nasu nesa ba kusa ba. Amma maganar 1996 ina so in tsaya a kanta, don ni a wurina ita ce abu mafi kyau da ya faru da ƙungiyar nan.

Ba su ɓoye komai ba. A taron 'yan jarida a 100 Club, Lydon ya ce har yanzu ba sa shiri da juna, amma sun samu abin da ya haɗa su, wato kuɗin masu kallo. Sunan rangadin ma Filthy Lucre, ƙazamin kuɗi. Mutane suka yi ta cewa sun sayar da kansu. Ni tambayata ita ce: wa ya ci kuɗin a 1977? Kamfanoni sun ci, jaridu sun ci, masu buga riguna suna ci har gobe. A 1994 Green Day da Offspring suna sayar da miliyoyin faifai da salon da waɗannan mutane suka share wa hanya. Sai su kaɗai ne za a ce haramun ne su ci guminsu suna da shekara arba'in?

Na biyu, kuma wannan ya fi min muhimmanci: wanda ya dawo kan bes Matlock ne. Karo na farko tun farkon 1977 aka ji mutum huɗun da suka rubuta waƙoƙin suna kaɗa su tare. Yawancin duniya ba ta taɓa jin haka ba, don a zamaninsu ƙananan wurare suka yi wasa, rabi an soke, na Amurka kuma da bes ɗin da ba ya tafiya. Ranar 23 ga Yuni 1996 suka tsaya a Finsbury Park, unguwar da Lydon ya tashi, gaban dubban mutane, kuma an fitar da faifan wasan. Ka saurare shi. Babu mai jin wannan ya sake cewa ba su iya kiɗa ba. Wata shida suna zagaya duniya, har Japan da Kudancin Amurka. Labarin McLaren na cewa su 'yan tsana ne a hannunsa, a wannan rangadin aka binne shi.

Anti Bilki:
Kuma duk su huɗun suka koma gida da ransu. Ni wannan ya fi min komai.

Malam Isiyaku:
Ina tare da Nura a kan 1996. Inda na fara ja da baya shi ne maimaitawar. 2002 a Crystal Palace lokacin bikin shekara 50 na Sarauniya, 2003 Amurka, 2007 dare biyar a Brixton, 2008 bukukuwan Turai. Waƙoƙin dai su ne, ba a ƙara ko ɗaya ba. Abin da ya burge ni a tsakanin shi ne 2006, da aka sa su a gidan karrama mawaƙan rok na Amurka suka ƙi zuwa, suka aika wasiƙa da rubutun hannu suna cewa ba za su biya dubban daloli don teburin cin abinci ba. Sai da aka karanta wasiƙar a wurin taron.

Auwal, ga amsata a kan tambayarka. Mutum ukun nan suna da cikakken haƙƙin kaɗa waƙoƙinsu. Jones da Cook da Matlock duk sun kai shekara saba'in ko suna dab da ita, kuma wasan Bush Hall ɗin da ka gani an shirya shi ne don tara kuɗin ceto zauren, wanda yake Shepherd's Bush, unguwar su Jones da Cook. Ban ga laifi a ciki ba. Amma ni ba zan kira shi Sex Pistols ba tare da ƙarin bayani ba, kuma su ma a tallan wasanninsu suna rubuta sunan Frank Carter a fili, ba su yaudari kowa ba.

Nura Mai Jita:
Carter kuma ba ya kwaikwayon Lydon, wannan ne ya sa na girmama shi. Daga ƙungiyar Gallows ya fito, yana da nasa salon, yana sauka cikin jama'a ya yi waƙa a tsakiyarsu. Ka dubi fuskar Cook a bidiyon, mutumin yana jin daɗin gangunansa. Sun ce a rangadin 2008 babu wannan.

Kabiru:
Jin daɗi ba shi ne abin da na zo nema wurin Sex Pistols ba, Nura. Waƙoƙin nan an yi su ne don su dame ka. Idan Lydon ya ce babu makoma, kana jin yana nufinka ne, kai ɗin nan da ke tsaye. Idan Carter ya faɗa, taro ne ke amsawa cikin murna.

Hadiza:
Amma a 2007 ma haka taron yake amsawa, kuma Lydon ne a gaba. Mutane masu furfura da 'ya'yansu a kafaɗa. Abin da ya sauya ba mai waƙar ba ne kaɗai.

Auwal:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Zan nemi faifan Finsbury Park da bidiyon Huddersfield. Yaya Kabiru, in ina son in ji abin da Lydon ya yi bayan ya bar su, daga ina zan fara?

Kabiru:
Fara da kundin Metal Box na Public Image Ltd, 1979. Kada ka je da tsammanin irin Sex Pistols, babu kama ko kaɗan. Bes ɗin Jah Wobble ne a gaba, mai zurfi irin na rege, jitar Keith Levene kuma tana ƙara kamar ana goga ƙarfe, akwai waƙar da Lydon ya yi wa mahaifiyarsa lokacin da ciwon daji yake cinta. A 2008 aka yi ta zaginsa don ya yi tallan man shanu a talabijin, da kuɗin tallan ya sake tayar da ƙungiyar a 2009, kuma tun daga nan sun fitar da sababbin kundaye uku, na baya-bayan nan a 2023. Ka sa abin ji a kunne, kada ka saurara ta lasifikar waya, bes ɗin ba zai fito ba.